Baba da Ƙodar Bidi

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Baba, mahaifin maigidana, ya rasu bayan an gama yankan dawa, da rana tsaka, a ɗakinsa na ƙofar gida a Dauran, yana jingine da bango. Jinyar ba ta yi tsawo ba.

Ni ce ƙaramar suruka a gidan, don haka aikina a zaman makoki ruwa ne da wanke kwanuka, kuma mai wannan aiki tana jin komai. Gwaggo, ƙanwarsa, ta iso daga Banga ba ta yi kuka ba. Ta zauna bakin tabarma ta ce, "Ya riga ni. Tun muna yara haka shike, bai jiran mutum." Inna, matarsa, ta riƙe carbi, duk wadda ta ce mata ya haƙuri sai ta amsa, "Da godiya," idonta na kallon ƙasa. Maza kuwa suna waje, ina jiyo su ta bayan danga. Mutum zai yi gaisuwa, a yi addu'a a shafa, sai ya rage murya ya ce, "To ina Mai ƙoda? Shina nan da rai?" Na Zurmi sun tambaya, na Ƙaura sun tambaya. Wani tsoho daga Shinkafi ya tambaya, dariya ta kuɓuce masa, ya yi ta istigfari.

Mai ƙoda dokin Baba ne. Mu a gida Bidi muke ce masa, don launinsa.

Mutum ɗaya ne bai ko murmusa ba, Yaya, babban wan maigidana, wanda ke da mota a Ƙaura. Kafin a watse zaman makoki na ji shi a barga da wani dillali yana cewa, "Ka nemo mai saye daga nesa. Wanda bai san gidan ga ba." Dokin ya shiga gado, yana da ciwon da ido ba ya gani, kuma wanda ya saba faɗa wa masu saye gaskiyar ciwon an rufe shi.

Karatuna a aji huɗu ya tsaya. Ina rubuta wannan ne don ɗiyata ƙarama ce, ba za ta tuna kakanta ba, kuma ina tsoron ni ma in manta.

Danga ce kawai tsakanin ɗakina da barga. Tun ina amarya, da aka kawo ni daga Ƙaura, da muryar Baba nake tashi. In ya dawo daga masallaci da safe, Bidi yake fara gaisarwa kafin kowa. Sai ya tsuguna ya dubi kashin, ya dubi inda ya yi fitsari, ya shafa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Inna ta taɓa ce masa ita bai taɓa duba ta haka ba. Ya ce, "Ke kina da baki. Shi bai magana, dole in duba."

Ba mai yawan fira ba ne. Yana cin tuwo shi kaɗai, ya rage loma a gefen kwano, ba wanda ya san ta wace ce sai da ɗiyata ta fara rarrafe ta gano hanyar ɗakinsa. Amarya yake kiranta, ni kuma uwar Amarya. Yakan ce mata, "Amarya, ke da ba ki da haƙori, da mi za ki tauna goron auren?" Ni mai yawan fargaba ce, yarinya ta yi atishawa sai in ga mutuwa. Kowa a gidan yana yi mini dariya ban da shi. Wata damina jikinta ya yi zafi, maigidana yana hanya, laka ta hana babur fita. Ban roƙe shi ba, kunya ba za ta bar ni ba. Ya ji kukana ta danga, ya ɗaura sirdi, ya tafi Zurmi cikin ruwa ya kawo magani. Ya miƙa wa Inna ya ce, "A ba uwar Amarya, a ce ta daina kuka, tana tsorata mini doki."

Ciwon Bidi ya faro ne a bazarar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Ya kama tari da ɗingishi, Baba ya sayo allura wajen masu tallar maganin dabbobi a kasuwar Zurmi, irin wadda ake yi wa shanu, ya yi ta yi masa. A lokacin kuma yana ta zirga-zirga a kansa cikin rana saboda wata rigimar iyakar gona. A wajenmu doki safe da yamma ake ba shi ruwa, ba a barin ruwa gabansa. Tsofaffi sun ce in ya sha yadda yake so tumbi zai yi, ya yi nauyi. Haka Baba ya tarar ana yi, haka ya yi.

Tarin ya tafi, ɗingishin ya tafi. Amma da ruwa ya sauka sai na ga Baba yana daɗewa a tsugune. Fitsarin doki mai lafiya kauri gare shi, gauraye kamar ruwan tsari. Na Bidi ya koma garau kamar ruwan rijiya, ga yawa, har ƙasan turke ba ta bushewa. In aka kawo bokiti kuma sai ya shanye ya bi mutum da ido.

Maigidana ne ya ɗauko likitan dabbobi daga Ƙaura, wani siririn mutum da aka maido daga Sakkwato bayan an ba mu jiha. Ya zo a babur da 'yar kula mai ƙanƙara. Ya tarar Baba bai daɗe da sauka daga kasuwa ba. Na ajiye tsintsiya na matsa jikin danga.

Likita ya saurari bayani, ya buɗe bakin dokin, ya shafa ƙarƙashin cikinsa. Sai ya danne jijiyar wuya da babban yatsa har ta taso, ya soka allura ya zuƙi jini.

Baba ya ce, "Likita, ni fitsari na ce maka, kai kana ɗibar jini."

"Baba, abin da bai fita a fitsari ba, a jini yake zama. Shi nake nema."

"Mi ne ne shi?"

"Wani datti ne, ana ce masa kiriyatinin. Tsokar jiki ce ke fitar da shi kullum, kusan daidai wa daida, yau kamar jiya. Ƙoda ce ke tace shi daga jini ta zubar a fitsari. In tana tacewa sosai, kaɗan za a samu a jini. In ta gaza, sai ya taru. To in muka auna yawansa, sai mu ƙiyasta aikin da ƙodar ke yi, ba sai an buɗe cikin ba."

"Ina za a auna?"

"Gusau. Akwai ɗakin gwaji, injin da ke auna na mutane shi zai auna nasa."

Baba ya dubi Bidi ya ce, "Ka jiya? Jininka ya riga mu shiga hedikwata."

Likita yana rufe kula ya tambayi yaushe rabon dokin da ruwa. Baba ya ce tun safe. Likita ya tsaya. Ya ce to wannan jinin ba zai yanke magana ba, domin ƙishirwa kaɗai tana sa abin ya hau ko da ƙoda lafiya take. Ya ce ko doki mai cikar tsoka yakan ɗan fi ramamme yawansa, shi ya sa ba a kallon lambar ita kaɗai, sai an kalli dokin. A hutar da shi, a ba shi ruwa iya shansa, zai dawo ya sake ɗiba.

Ya dawo, ya sake ɗiba, ya sake dawowa da amsa. A awon farko abin ya hau sosai. Na biyu ya ɗan sauka, amma yana can sama da inda na mai lafiya yake tsayawa.

Baba ya ce, "Amma dube shi, likita. Gashi na ƙyalli, shina ci."

"Nan ne wahalar abin, Baba. Ba ya hawa a jini da wuri. Kamar gida ne mai mata da yawa masu daka. In ɗaya ta kwanta sauran su rufe, ba wanda zai ga tuwo ya ragu. Wata ta kwanta, su rufe. Ranar da maigida zai ga kwano bai cika ba, masu dakan saura kaɗan. In muka ga ya hau haka, kuma ruwa bai maido shi ba, mafi yawan ƙodar ta riga ta tafi."

"Tana dawowa?"

"Wadda ta daɗe haka, a'a. Sai dai a lallaɓa abin da ya rage."

Ya tambayi abin da aka taɓa ba shi. Baba ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar allurar. Likita ya juya ta a hannu, ya ce ba zai rantse ba, amma irin wannan a jikin dokin da ke da ƙishirwa tana taɓa ƙoda. Baba ya karɓi kwalbar ya sa a aljihu.

Ni abin da ya dame ni daban ne. Amarya tana wasa da ƙasa kusa da barga. Na tsare maigidana a zaure na ce don Allah ya tambayo ko ana ɗaukar ciwon. Ya ce in bari, abin kunya ne. Baba ya jiyo mu, ya ɗaga murya ya ce, "Likita, uwar Amarya na tambaya ko ana ɗauka." Likita ya ce ba a ɗauka. Duk da haka na yi kwanaki ina duba fitsarin yarinya a fo.

A ranar da yamma Baba ya sa aka yanka duro biyu, ya kafa rabin a jikin dangata. Ya sa wuƙa ya buɗe 'yar kafa a dangar, daidai yadda bakin bokiti zai shiga, don in zuba daga cikin gida ba sai na fita wajen maza ba. Ya tsaya ta can gefen ya ce, "Uwar Amarya, ina roƙon alfarma. Ke ce kusa da shi. Kada duron ga ya bushe." Bai taɓa roƙona komai ba, kuma bai sake ba.

Likita ya hana kanwa, ya ce a rage harawa, a yawaita ciyawa, kada a sake allurar kasuwa. Gwaggo da ta ji ta ce, "Doki ba kanwa? Kai da likitanka za ku kashe shi." Baba ya ce, "Ni da kanwar mun gwada namu, a bari likita ya gwada nashi." Shi da kansa yake fita da lauje ya yanko ciyawa, yana tafiya yana hutawa.

A kan wannan ne suka saɓa da Yaya. Ba zan ce Yaya ba shi da hujja ba. Yana ganin ubansa tsofai-tsofai da dami a ka, don dabbar da ba a hawa. Ya zo ya ce a kai dokin kasuwar Shinkafi a sayar tun yana da kyan gani.

"Baba, mai saye haƙori yake dubawa da ƙafa da ido. Wa ke duba ƙoda? Da ba a ɗibi jinin nan ba, da mun sayar ba laifi."

"An ɗiba."

"Ko yanzu da aka kawo Shari'a, wane alƙali ne zai leƙa cikin doki?"

"Ni ba alƙali nike tsoro ba. Tun Gusau ba ta zama hedikwata ba na san mai sayarwa shina faɗin aibin abinai."

Yaya bai bari ba, ya yi ta zuwa. Rannan Baba ya ce, "To, mu tahi." Yaya ya yi murna, ya nemo motar shanu aka ɗora Bidi. Ban je ba, maigidana ne ya ba ni labari, yana ba ni yana share hawayen dariya.

Ya ce mai saye na farko ya buɗe bakin dokin, ya ɗaga kofato, ya sa aka zagaya da shi, ya ce ma sha Allah. Sai Baba ya ce, "Ka duba da kyau. Haƙori lafiya, ƙafa lafiya, ido lafiya. Ƙoda ce ta mutu, saura kaɗan. An auna jini a Gusau, an sake aunawa." Mutumin ya saki ragama. Dillali ya taka wa Baba ƙafa, Baba ya ce, "Malam, ka taka ni." Na biyu ya zo, ya maimaita masa. Kafin azahar mutane sun kewaye su, ba don saye ba, don jin yadda ake gane ƙoda a jini. Baba ya zauna a kan buhu yana yi musu bayanin dattin nan mai dogon suna da matan da ke daka, yana gaya musu su bar ruwa gaban dawakinsu. Yaya ya koma mota ya rufe ƙofa. Da yamma aka dawo da Bidi, ya sauka ya nufi duro.

Tun daga ranar sunansa ya zama Mai ƙoda, kuma Yaya ya ɗauke ƙafa daga barga. Yana zuwa gaida ubansa, su yi maganar gona da mota, ba a ambaton doki.

Likita ya ci gaba da leƙowa jefi-jefi yana ɗibar jini. Ya ce awo ɗaya ba ya nuna inda aka dosa, sai an jera su a ga ko abin na tsaye ko yana hawa. Na Bidi yana hawa, amma a hankali. Ya ɗan rame ta baya, tsatsa ta taru a haƙoransa. Yana nan dai.

Da Baba ya fara haki aka kai shi asibiti a Ƙaura, su ma suka ɗibi jininsa. Ya tambaye su ko har da na ƙoda za su auna, ya faɗi sunan abin daidai, ma'aikacin ya ɗago ya dube shi. Amsa ta fito ƙodarsa lafiya lau, zuciya ce ta gaji. Da suka dawo ya tsaya bakin barga ya ce wa 'ya'yansa, "Kun jiya? Tawa lafiya take. Ni za ku kai Shinkafi." Shi ne wasan ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Mai sayen da dillali ya samo mutumin hayin iyaka ne, daga wajen Maraɗi. An sa ranar zuwansa. Da safe aka wanke Bidi, aka taje masa geza, aka ɗora sirdi ya rufe ramar. Maigidana ya shigo yana kallon gefe ya ce, "Yaya ya ce a bar ruwan nan sai baƙo ya tafi." Na gane dalili. Kada ya yi ta fitsari a gaban mutum.

Na bari. Ni wa ce da zan ja da babban gida? Na zauna ina tsince shinkafa. Rana ta take, duro ya ƙafe. Bidi ya fara bugunsa da kofato, ƙwam, ƙwam, ya tsaya, ya sake.

Bayan la'asar na ji sallamarsu, Yaya da dillali da baƙo. Na ji baƙon yana yaba ƙirji, yana cewa a buɗe masa baki. Bugun duro bai tsaya ba.

Inna tana takaba, ba ta fita ko tsakar gida sai da dalili. Ta kira ni daga ɗakinta.

"Ke, ba ki ji shina kira?"

"Inna, Yaya ne ya ce a bari."

"Wa ya ba ki aikin? Shi ko ubanai?"

Na ɗauki bokiti. Na tura bakinsa ta kafar da Baba ya yanka, na zuba. Ban ga kowa ba, su ma hannuna kawai suke gani. Na ji maganarsu ta yanke, sai ƙarar haɗiyar ruwa. Kafin in ɗago ya shanye. Na koma randa na ciko, na zuba, ya shanye. Na sake.

Baƙon ya ce, "Alhaji, lafiya dokin nan ke shan ruwa haka?"

Dillali ya yi caraf ya ce, "Zafi ne, ranka ya daɗe, yau ana rana."

Baƙon ya ce, "Mai shi nike tambaya."

Na leƙa ta tsagar kara. Yaya yana tsaye daidai inda Baba ke tsugunawa da safe, yana kallon kafar dangar da ruwan ke ɗiga a bakinta. Sai ya gyara murya.

"Ka duba da kyau," in ji shi. "Haƙori lafiya, ƙafa lafiya. Ƙoda ce ta mutu, saura kaɗan. An auna jini a Gusau."

Dillali ya ce, "Haba Alhaji!"

Baƙon ya ja baya ya ƙare wa Bidi kallo, sai ya tafa hannu. "La ilaha illallahu. Ashe kai ne Mai ƙoda! Na ji labarin tsohon nan a Shinkafi, ban san nan ne gidan ba. Ina yake?"

Yaya ya ce, "Ya rasu."

Baƙon ya cire takalmi, ya tsuguna nan bakin turke, ya ɗaga hannu. Suka yi wa Baba addu'a su uku, dillali yana amin ciki-ciki. Ni ma na shafa daga bayan danga, da jiƙaƙƙen hannu.

Da suka raka baƙo, Yaya ya dawo shi kaɗai. Na ji yana kwance sirdi. Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai ta bakin ƙanensa. Ya matso jikin danga ya ce, "Uwar Amarya."

Na ce, "Na'am, Yaya."

"A ƙara mishi."

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi ranar da kowa ke jin ƙishirwa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.